Da Ɗan Gari Akan Ci Gari: Jawabi A Kan Shirin Jami'an Tsaronmu Game Da Hare-haren Ƴan Ta'adda



Shugaban wannan taro, sarakunanmu da hakimanmu, masu riƙe da sarautar ardo da rugga da garso, malamanmu, iyayenmu mata, wakilan hukuma da na jami'an tsaro da suka amsa gayyatarmu, ƴan'uwana makiyaya, ina gaishe ku baki ɗaya, ina yi muku barka da zuwa, da fatan kun baro gida da garke lafiya.

Kwamitin ƙungiya ya ɗora mini nauyin in yi magana a kan tambaya guda, wato shin jami'an tsaron ƙasarmu Nijar a shirye suke su tunkari hare-haren ƴan ta'adda? Wani zai ce wannan magana ta manyan hafsoshi ce, ina ruwan mai sanda da ita? To amsa ita ce, yawancin wannan yaƙi a daji ake yin shi, a bakin rijiyoyi da mashaya da burtali, inda muke kwana muke tashi. Harsashin da ya kuskure soja, sau da yawa a kan makiyayi ko saniyarsa yake sauka. Mai ɗaki kuwa shi ya san inda yake masa yoyo. Saboda haka muna da bakin magana, kuma za mu yi ta da ladabi, ba tare da ɓoye gaskiya ba.

Kafin komi, bari mu ba kowa haƙƙinsa. Ƙasarmu tana da faɗin murabba'in kilomita 1,267,000. Daga Yamai zuwa Difa fiye da kilomita 1,300 ne. Iyakarmu da Najeriya ta kai kimanin kilomita 1,500, iyakarmu da Mali ta wuce 800, ga ta Burkina Faso, ga ta Libiya da Cadi. Wuta kuma ba daga gefe guda ta kama ba. A watan Mayu na 2013 aka kai hari barikin Agadas da ma'adinan Arlit. A watan Fabrairu na 2015 Boko Haram ta afka wa Boso da Difa, askarawanmu da na Cadi suka kore ta, har suka bi ta Damasak a cikin Najeriya. Daga baya wuta ta tashi a Tilaberi da arewacin Tawa, ga kuma ɓarayin shanu da masu satar mutane a wajejen Madarumfa da Gidan Rumji. Hukuma ba ta naɗe hannu ba. An kafa rundunoni na musamman irin su Almahaw a Tilaberi da Farautar Bushiya a Maraɗi, kuma a 2020 ministan tsaro ya sanar da niyyar ninka yawan askarawa daga 25,000 zuwa 50,000 cikin shekara biyar. Waɗanda suka kwanta dama a wannan fama ƴaƴanmu ne da ƙannenmu, yawancinsu ƴaƴan talakawa. Ba wanda zai tsaya a nan ya ce musu ragwaye. Allah ya jiƙansu, ya ba iyalansu haƙuri.

Amma jaruntaka daban, shiri daban. Mu makiyaya mun san yadda ake auna shiri. In garke zai tashi, ba a kora shanu a bi hanya haka kawai. Garso ne ke yin gaba, ya dubo ciyawa, ya dubo ruwa, ya ji labarin cuta da na ɓarayi, ya gaisa da masu ƙasa, sannan ya dawo ya ce a tashi ko a dakata. Mai shanu dubu da bai aika garso ba, mai shanu talatin da ya aika ya fi shi shiri. To da irin wannan ido zan auna jami'an tsaronmu, da ma'auni biyar.

Ma'auni na farko shi ne labari. Shin suna jin labarin abokin gaba kafin ya iso? Ku tuna da Inates, kusa da iyakar Mali. A watan Afrilu na 2019 ƴan bindiga suka kashe sarkin Abzinawan wurin. A watan Yuli suka kashe ɗansa da ya gaje shi. A farkon wannan wata na Yuli kuma an kai wa barikin hari, askarawa 18 suka rasu. Jama'a suka ga wanda ya fi su ƙarfi bai tsira ba, sai masu iya gudu suka gudu, waɗanda suka rage suka kama bakinsu. Ranar 10 ga Disamba 2019, ɗaruruwan mayaƙa suka taru suka afka wa barikin, suka yi masa ruwan wuta har ma'ajin harsasai da na mai suka fashe. Askarawa 71 suka rasu, aka yi zaman makoki na kwana uku. Wata guda bai cika ba, ranar 9 ga Janairu 2020, aka sake yin haka a Shinagodar, askarawa 89 suka rasu, har aka sauya babban hafsan hafsoshi.

Ku da kuka san daji, ku gaya mini: ɗaruruwan mutane za su taru da babura da motoci, su sayi mai, su sha ruwa a rijiya, su yanka dabba su ci, a ce ba idon da ya gan su? An gan su. Abin da ya faru shi ne wanda ya gani ya auna ransa, ya tuna abin da ya sami sarki da ɗansa, ya yi shiru. Ranar da aka bari aka kashe sarakunan nan ba tare da an tsare na bayansu ba, ranar ce bariki ya rasa kunnensa. A lokacin kuwa akwai sojojin Faransa da na Amurka a ƙasar nan da jiragensu marasa matuƙi. Tun a watan Oktoba na 2017 ma, a Tongo Tongo, an yi wa Amurkawa da askarawanmu kwanton ɓauna, Amurkawa 4 suka mutu tare da namu. Jirgi yana ganin mutum a kan babur, amma bai san ko ɗan wane ne ba, bai san ko baƙo ne ko ɗan gida ba. Wannan sani yana wurin mai shayar da dabba a bakin rijiya. Da ɗan gari akan ci gari, da shi kuma akan tsare gari.

Ma'auni na biyu shi ne saurin kai ɗauki. In an yi kururuwa, yaushe ake isowa? Bayan Inates da Shinagodar an janye askarawa daga wasu ƙananan sansanoni na bakin iyaka, aka tattara su inda suka fi ƙarfi. Ta fuskar soja wannan yana da dalili, amma jama'ar da aka bari a baya su suka biya. Ranar 2 ga Janairu 2021 aka kashe mutum 100 ko fiye a Combangu da Zarumdarey, manoma ne Zabarmawa. Ranar 15 ga Maris aka tare masu dawowa daga kasuwar Banibangu, hukuma ta ce mutum 58 aka kashe. Kwana shida bayan haka, ranar 21 ga Maris, mahara a kan babura suka bi Intazayen da Bakorat da zangunan da ke kewaye, a gundumar Tiliya, suka kashe mutum 137, makiyaya Abzinawa, wasu a bakin rijiya suna shayarwa. A duk waɗannan wurare an gama ɓarna kafin ɗauki ya iso. Wannan shi ne ihu bayan hari.

Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Bariki yana da nisa. Wurare da dama babu rezo, wasu wuraren ma ƴan ta'adda sun lalata turakun salula da gangan. Da damina koramu suna yanke hanya, babbar mota ta kafe, babur kuwa ya wuce. Ga nakiyoyin da ake binnewa a kan hanya, waɗanda ke tilasta wa ayarin soja tafiyar hawainiya. Shi mahari ba ya jiran izinin kowa, shi kuwa kwamandan ƙaramin sansani wani lokaci sai ya jira umarni daga sama. Duk wanda zai ce an shirya, sai ya nuna mana yadda aka rage tazarar da ke tsakanin kururuwa da ɗauki.

Ma'auni na uku shi ne kayan aiki. Shin abin da aka saya da kuɗin talakawa yana isa hannun sojan da ke daji? A 2020 labarin binciken da aka yi a ma'aikatar tsaro ya fito fili. An duba kwangilolin sayen makamai na 2014 zuwa 2019, rahoton farko ya ƙiyasta asarar miliyar 76 na kuɗin sefa, ta hanyar ƙara farashi da kuma kayan da aka biya kuɗinsu ba a kawo ba. Domin mu gane girman abin, mu ɗauki bijimi a kan jaka 400. Wannan kuɗi zai sayi bijimai 190,000. Shekarun da aka duba kuwa su ne shekarun Karamga da Boso da Tazalit da Inates. Wanda ya ci kuɗin harsashi da na rigar sulke yana zaune a cikin inuwa, amma yana da hannu a cikin jinin yaron da ya faɗi a bakin daga. Mun biya haraji, mun biya kuɗin kasuwa a kan kowace bisa da muka sayar, saboda haka muna da ikon tambayar ina kuɗin ya shiga.

Ma'auni na huɗu shi ne wanda ya fi taɓa mu. Shin jami'in tsaro yana iya bambanta abokin gaba da makiyayi? A cikin watannin Maris da Afrilu na 2020, farar hula 102 suka ɓace a yankin Inates da Ayoru. Hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasa ta je ta yi bincike, a watan Satumba ta sanar cewa ta gano gawa 71 a cikin ramuka shida, ta ɗora alhakin a kan wasu daga cikin jami'an tsaro, ko da yake ta ce ba ta ga shaidar cewa umarni ne daga sama ba. Ma'aikatar tsaro ta musanta zargin. Ba baƙi suka yi wannan bincike ba, hukuma ce ta ƙasarmu, kuma yin sa abin yabo ne. Amma iyalan mutanen nan shari'a suke nema, kuma muddin ba su ga ƙarshenta ba, ɗan'uwan wanda ya ɓace ba zai taka da ƙafarsa ya kai labari bariki ba.

Kafin wannan ma, a 2017 da 2018, an haɗa kai da wasu ƙungiyoyin ƴan bindiga na Mali masu tushen ƙabila domin farautar ƴan ta'adda a bakin iyaka. Su kuwa suna da tsohuwar gaba da maƙwabtansu a kan shanu da wuraren kiwo, sai suka sami damar ramuwa. Sakamakon haka samari da dama suka tafi wurin ƴan ta'adda neman bindigar kare kai, har daga baya hukuma ta daina wannan hulɗa.

Ku dubi halin da makiyayi ke ciki. Ƴan ta'adda suna zuwa rugga su karɓi abin da suke kira zakka. Mu musulmi ne, mun san zakka: shanu 30 ake fitar da ɗan maraƙi, tumaki 40 ake fitar da ɗaya, sau ɗaya a shekara, a ba mabuƙata. Su kuwa abin da suka ga dama suke zaɓa, lokacin da suka ga dama, da bakin bindiga. Wannan ƙwace ne. In makiyayi ya ƙi, a kashe shi a kora garken. In ya bayar, gobe a ce yana ciyar da ƴan ta'adda. In ya kai ƙara, jibi a zo a yanka shi a gaban ƴaƴansa. Gaba kura, baya sayaki. Sannan a shingen bincike a tambaye shi katin shaidar ɗan ƙasa, shi kuwa a daji aka haife shi, ko takardar haihuwa ba shi da ita. Sojan da aka kawo daga nesa, bai jin Fillanci, bai jin Buzanci, jiya aka kashe abokinsa, in ya ga rawani da sanda sai zuciya ta ɗebe shi. Horon da zai hana wannan yana cikin shiri, daidai da horon harbi. Duk marar laifin da aka taɓa, an ba abokin gaba kyautar dangi guda.

Ma'auni na biyar shi ne dokokin ta-ɓaci. Shin matakin da ake ɗauka yana gajiyar da ɗan ta'adda ne ko talaka? An kafa dokar ta-ɓaci a Difa a watan Fabrairu na 2015, aka kai ta wasu gundumomin Tilaberi da Tawa a watan Maris na 2017. Ranar 25 ga Afrilu 2015 aka kai hari tsibirin Karamga a tabkin Cadi, askarawa 46 da farar hula 28 suka rasu. Sai aka ba mazauna tsibirai ƴan kwanaki su fita. Mutum fiye da 25,000 suka fito, da yawa a ƙafa cikin zafin bazara, wasu suka baro shanunsu a can. An hana hawan babur, an hana cinikin kifi da tattasai na wani lokaci, an rufe kasuwanni. A Tilaberi ma an hana babur daga Janairu 2020. Mun gane dalilin, da babur ake kai hari, da kuɗin kasuwa ake sayen mai. Amma da babur ɗin nan ne ake kai mai naƙuda asibiti, da shi ake neman ɓatacciyar saniya, da shi ake kai labari bariki. In an rufe kasuwa, ina makiyayi zai sayar da akuya ya sayi hatsi? Saurayin da aka raba da sana'arsa ya zauna ba aikin yi, shi ne wanda masu ɗaukar mayaƙa ke nema. Dokar kiwo ta 20 ga Mayu 2010 ta amince cewa yawo da dabbobi haƙƙi ne na makiyayi. Ya kamata duk matakin tsaro ya yi la'akari da wannan doka, a sa masa wa'adi, a riƙa duba ko ya yi amfani.

Wasu suna cewa tunda soja ba ya isa ko'ina, a bar kowane gari ya kafa ƴan bangansa. Ina roƙonku ku yi hattara da wannan shawara. Ranar 2 ga Nuwamba 2021, magajin garin Banibangu ya jagoranci ƴan sa-kai suka fita neman maharan da suka addabe su, aka yi musu kwanton ɓauna a Adabdab, mutum 69 suka rasu har da shi kansa. Ƙarfin zuciya ba ya maye gurbin horo. Na biyu kuma, bindigar da aka ɗauka da sunan gari ko ƙabila, ba ta tsayawa kan ɗan ta'adda, takan juya kan maƙwabci. Dattawan da ke nan ba su manta da Toda ba, a jahar Maraɗi, a 1991, inda aka kashe makiyaya fiye da 100, yawancinsu mata da yara, tun ba a san wani abu wai shi ta'addanci ba. Bindiga ta zauna a hannun hukuma, hukuma kuma ta zama ta kowa.

To mene ne ya taɓa yin amfani? Akwai misalai a cikin tarihinmu. Yarjejeniyar 24 ga Afrilu 1995 ta kawo ƙarshen tawayen arewa, aka shigar da tsoffin mayaƙa cikin rundunonin tsaro, waɗanda suka san hamada suka zama masu tsaron hamada. A Difa an buɗe cibiyar Gudumariya domin karɓar ƴan Boko Haram da suka ajiye makamai. A 2022, da aka haɗa ƙarfin soja da tattaunawa ta hanyar sarakuna da malamai, kisan farar hula ya ragu ƙwarai in an kwatanta da 2021. A watan Janairu na 2023 al'ummomin gundumar Banibangu, manoma da makiyaya, suka sa hannu a kan yarjejeniyar zaman lafiya. Duk waɗannan abu guda suke koya mana: inda hukuma ta jawo mutanen wuri a jiki, aikin soja yakan yi sauƙi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagar da ƴan ta'adda suka fi shiga ta cikinta ita ce rigimar gona da burtali, da satar shanun da ba a bi kadinta ba.

Ranar 26 ga Yuli 2023 sojoji suka karɓi mulki, kuma taɓarɓarewar tsaro na cikin dalilan da suka bayar. Sojojin Faransa sun gama fita a watan Disamba 2023, na Amurka a watan Satumba 2024. Nijar da Mali da Burkina Faso sun kafa ƙawancen ƙasashen Sahel a watan Satumba 2023, a watan Janairu 2025 aka sanar da shirin rundunar haɗin gwiwa ta mutum 5,000. Ba aikin ƙungiyarmu ba ne ta shiga siyasa. Abin da za mu ce shi ne hare-hare ba su tsaya ba domin an sauya mulki. A watan Agusta 2023 askarawa 17 suka rasu a wajen Kutugu, a watan Oktoba wasu 29 a wajen Tabatol. Ranar 21 ga Maris 2025, shekara huɗu cif bayan Tiliya, aka kashe masallata 44 a masallacin Fambita, cikin yankin Kokoru, ranar Juma'a, cikin watan azumi. Ko farar hula ke mulki ko soja, ko da baƙi ko babu baƙi, ma'aunan nan biyar suna nan yadda suke. Tunda kuma aka sallami baƙi, nauyi ya dawo kacokan a wuyanmu, babu sauran wanda za a nuna wa yatsa.

Saboda haka in aka ce in amsa tambayar da aka ba ni, amsata ita ce: ta wajen jaruntaka da sanin faɗa, askarawanmu sun ƙaru sosai tun daga 2015. Ta wajen rigan abokin gaba da tsare talakan da ke nesa da bariki, da sauran aiki babba. Ga abin da muke roƙon hukuma.

Na farko, a kafa zaman tuntuɓa a kowace gunduma tsakanin kwamandan soja da jandarma da garda, da sarakuna da ardo da masu gari da malamai da wakilan mata, a riƙa zama a kai a kai, musamman kafin dabbobi su hau arewa da damina da lokacin saukowarsu bayan kaka, domin soja ya san garken wa ke bin wace hanya.

Na biyu, a rufa asirin mai kawo labari. Kada a kira shi bariki da rana tsaka kowa na kallo, kada a ambaci sunansa, kuma in ya shiga haɗari a fitar da shi da iyalinsa. A tsare sarakunan da ke zaune a wuraren haɗari.

Na uku, a ɗauki ƴaƴan kowane yanki aikin tsaro, daga kowace al'umma, masu jin Fillanci da Buzanci da Zabarmanci da Barbarci da Tubanci da Larabci, a ba su cikakken horo a ƙarƙashin tutar ƙasa. Can da akwai askarawan raƙuma da ke kwana inda makiyaya ke kwana. A ƙarfafa irin wannan runduna mai yawo, da raƙumi da babur.

Na huɗu, duk wanda aka kama a rubuta sunansa, a sanar da danginsa inda yake, a kai shi gaban alƙali. In mai laifi ne doka ta hau kansa, ba za mu roƙa masa ba. In ba shi da laifi a sake shi. Jami'in da ya wuce gona da iri kuma a hukunta shi a fili, domin hakan martabar runduna yake ƙarawa.

Na biyar, a riƙa kai masu yin takardun haihuwa da katin shaida kasuwannin dabbobi da wuraren taron makiyaya, irin su bikin lasar gishiri na Ingal.

Na shida, maimakon rufe kasuwa a tsare ta ranar cinta, a raka ayarin masu zuwa da masu komawa. Dabbobin da aka ƙwato daga hannun ɓarayi a yi shela a rediyo, a mayar wa masu su bisa shaidar alama.

Na bakwai, a riƙa bin diddigin kuɗin tsaro, a biya soja haƙƙinsa a kan lokaci, a kula da matan da marayun waɗanda suka rasu.

Yanzu kuma sai in juyo gare mu, domin in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Gaskiya ne akwai ƴaƴan makiyaya a cikin waɗannan ƙungiyoyi, kamar yadda akwai ƴaƴan sauran al'ummomi. Musun wannan ba zai amfane mu ba. Wajibi ne kowane uba ya san inda ɗansa ya kwana, in ya ga sabon babur da kuɗin da ba a san tushensu ba ya tambaya. Wajibi ne malamanmu su bayyana wa samari cewa mai kashe masallata a cikin masallaci ba addini yake yi wa aiki ba. Dillalai da mahauta, ku ji tsoron Allah: saniyar da aka kawo muku da rabin kuɗinta, ba shaida ba mai ita, kun san daga inda ta fito, kuma kuɗin da kuka biya shi ke komawa ya zama harsashi. Mu sa wa dabbobinmu alama, mu nemi takardunmu, mu sa yara makaranta inda take buɗe. In rigima ta tashi tsakaninmu da manomi, mu kai ta gaban sarki da kwamitin kula da filaye, kamar yadda dokar karkara ta 1993 ta tanada, kada mu kai ta wurin mai bindiga. Wanda ya kira kura ta raba masa faɗa da maƙwabci, ranar da ta gama da maƙwabcin kansa za ta dawo.

Ga wakilan jami'an tsaro da ke zaune tare da mu, saƙonmu shi ne ku kai wa manyanku cewa makiyayi ba abokin gabarku ba ne. Shi ya san rijiyar da ke da ruwa a watan bazara, shi ya san sawun da ba na gida ba, shi ke ganin ƙurar babura tun tana nesa. Ku tsare ransa da mutuncinsa, zai zame muku garso. Ga ƴan'uwana wakilai kuma, in kun koma ku tara jama'arku ku karanta musu waɗannan buƙatu bakwai, ku rubuto mana abin da suka ƙara da abin da suka gyara, domin kwamiti ya haɗa su ya miƙa wa gwamnonin jahohi a rubuce.

Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, soja da farar hula, manomi da makiyayi. Allah ya mayar da waɗanda suka bar gidajensu, ya ba shugabanninmu ikon yin adalci, ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu da maƙwabtanta lafiya.